Muhawara: Tausaya wa Dabba Riba Ce ga Manomi, ko Kuwa Zancen Masu Hali Ne?

Mai Garma, Ringim:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana manoma. Ina so a tattauna wata magana kafin damina ta kankama, wato yadda muke riƙon dabbobinmu, musamman shanun huɗa. Kowace shekara abu ɗaya ake yi ta maimaitawa a yankinmu. Shanu suna fitowa daga bazara a rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, domin kara da harawa sun ƙare tun kafin zafi ya tsananta, amma da zarar ƙasa ta jiƙa sai a ɗora musu karkiya tun da asuba, a yi ta huɗa har rana ta take, saboda kowa yana tsoron kada danshi ya wuce shi. Ke nan a lokacin da sa ya fi rauni a duk shekara muke neman ya yi mana aikin da ya fi kowanne nauyi. Idan ya durƙusa a tsakiyar kunya sai a ce taurin kai ne, a rufe shi da bulala, wani ma ya murɗe masa wutsiya har sai ya miƙe. Ni dai a nawa ganin dukiyarmu muke ɓarnatarwa da hannunmu, domin san da aka wahalar a farkon damina ba ya kaiwa ƙarshen huɗa da ƙarfinsa, kuma ba ya yin kuɗi idan aka kai shi Gujungu ko Maigatari bayan kaka. Ina neman jin ta bakinku, musamman waɗanda suke ganin ba haka abin yake ba.

Manomi, Gaya:
Wa alaikumus salam. Malam, ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba, amma ina ganin ka ɗora wa manomi laifin da ba nasa ba. Babu mai hankalin da zai sayi sa da guminsa sannan ya bar shi da yunwa da gangan. A watannin Afrilu da Mayu rumbu ya yi ƙasa, maigida yana lissafin abin da yara za su ci da kuɗin iri da na taki, dusa kuwa ta yi tsada saboda masu turkar raguna da masu kiwon kaji duk ita suke nema. Wanda yake cikin wannan hali idan ka ce masa ya yi wa sa rumfa, ya auna masa abinci, ya bar shi ya huta da rana, zai ɗauka ba'a kake yi masa. Shi kuma mai shanun haya 'yan makonni kawai yake da su a shekara da zai mayar da abin da ya kashe wajen ciyar da su, ga manoma tsaye a ƙofar gidansa kowa yana kukan gonarsa za ta bushe. Irin wannan zance na jin daɗin dabbobi ya fi dacewa da ƙasashen da hukuma take biyan manomi tallafi, ko kuma da alhazan birni masu gidan gona. Mu a nan ta ciki ake yi tukuna.

Malamin Dabbobi, Gumel:
Yayana na Gaya ya faɗi gaskiya game da talauci, kuma duk wanda yake zagaya ƙauyuka ba zai musa masa ba. Inda na rabu da shi shi ne zaton cewa wanda bai kashe kuɗi a kan dabbarsa ba ya tsira da kuɗinsa. Yana biya, sai dai biyan yana zuwa a ɓoye, shi ya sa ba ya jin zafinsa.

Mu ɗauki saniya. Cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki, kuma idan tana ƙoshi tana iya haihuwa duk bayan wata goma sha huɗu ko sha biyar. Wadda ta rame kuwa ba ta neman bijimi har sai jikinta ya dawo, shi ya sa a garkunan ƙauye da yawa ake ganin shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, har an saba, an ɗauka haka Allah ya halicci Bunaji, wato fararen shanun Fulani. A cikin shekara 6, mai haihuwa duk shekara biyu za ta ba ka maraƙi 3, ɗayar kuwa tana iya ba ka kusan 5. Maraƙin da ya mutu kowa ya gan shi, har maƙwabta su zo jaje, amma wanda ba a haifa ba babu mai sa shi a lissafi, alhali ya fi waɗanda suka mutu yawa.

Haka tatsa take. Nono ba ya sauka daga hantsa sai wani sinadari da jikin saniya yake saki idan hankalinta ya kwanta, kuma aikinsa 'yan mintoci ne kawai. Tsoro da duka da hayaniya suna tare shi. Dalili ke nan da ya sa Bafulatana take kawo maraƙi ya fara tsotsa, tana shafa saniyar tana kiran sunanta, kafin ta sa ƙwarya. Yaron da yake harbin saniya da ƙafa a lokacin tatsa yana barin nono a cikinta, kuma nonon da ya kwana a hantsa yana buɗe ƙofar kumburi.

Game da shanun huɗa, abin da mutane ba sa lura da shi shi ne cewa sa ba ya amfana da abin da ya ci sai ya kwanta ya yi tuƙa, kuma tuƙa tana cin sa'o'i shida zuwa takwas a yini. Wanda aka ɗaure a karkiya daga asuba zuwa azahar, aka sake mayar da shi da la'asar, ko an cika masa komi da dusa ba shi da lokacin sarrafa ta. Sa'o'i huɗu ko biyar da sanyin safiya su ne gwargwadon abin da jikinsa yake ɗauka. Babban sa kuma a zafin bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a nan Gumel da Maigatari, yana shan ruwa lita 40 ko fiye a yini, wanda aka ba shi bokiti ɗaya kuwa sai ya rage ci, domin busasshen kara ba ya wucewa babu ruwa. Ku duba da kyau, inuwar darbejiya, da goge karkiya ta yi santsi a naɗe ta da tsumma, da sassauta igiyar hanci, da hana yaro duka, babu ɗaya daga ciki da yake buƙatar ko sisin kwabo. Abinci ne kaɗai yake cin kuɗi, shi ma mafi yawansa tanadin kaka ne.

Uwar Gida, Kazaure:
Likita, Allah ya saka da alheri, amma ina ganin duk kun tattara a kan shanu kun manta da dabbobin da suke cikin gida, waɗanda su ne dukiyar mata. A ƙauyukanmu akuya da tunkiya da kaza su ne asusun mace, da su take yi wa 'yarta kayan ɗaki, da su take kai yaro asibiti, kuma ita da yaranta ne suke ba su ruwa, su share turke, su san wadda ba ta ci ba yau. Amma idan aka zo faɗakarwa ko rigakafi, ƙofar gidan mai unguwa ake tara maza, waɗanda wani a cikinsu bai ma san yawan awakin da ke gidansa ba.

Kuma tun da Likita ya ambaci tanadin kaka, bari in faɗi abin da yake ci mana tuwo a ƙwarya. Harawar wake da ta gyaɗa a gonar maigida ake samunta, shi ne yake da iko da ita. Da an ɗaure ta sai masu motoci su zo daga birni su saye, shi kuwa ya ga kuɗi a hannu ya sayar, bai bar ko dami ashirin a kan rumfa ba. Idan rani ya yi nisa sai matar ta riƙa sayen irin wannan harawar ƙulli-ƙulli da kuɗin sana'arta a farashin da ya ninka, ko kuma ta saki awakin su yi ta yawo a bola suna cin leda. Duk macen da ta taɓa gyaran kayan ciki ta san yadda ake fito da dunƙulen leda daga tumbin akuya, wadda aka daɗe ana yi wa maganin tsutsa ana mamakin me ya sa take ramewa alhali cikinta a kumbure yake.

Lokacin da gwamnatin Badaru ta raba wa mata awaki a Jigawa, abin da na lura da shi a wajen 'yan'uwanmu shi ne, waɗanda awakinsu suka yaɗu su ne masu busasshen wurin kwana da ɗan tanadin kowa da dusa. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki, kuma jar akuya idan tana ƙoshi tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinta, amma wadda aka ɗaure a turke ɗaya duk damina, tana tsaye cikin taɓo da kashinta, ƙafa za ta ruɓe, tsutsa ta cika ta, ta yi ɓari ko ta haifi ɗan da ba zai yi mako ba. Saboda haka ni ban yarda cewa talaka ba ya iya kula da dabba ba, domin matan da suka fi kowa talauci su ne na ga sun fi kowa kula.

Dillalin Kara, Wudil:
Hajiya ta yi magana mai nauyi, kuma ba ni da ja a kanta. Sai dai ina so in kawo abin da yake faruwa a kara ranar Juma'a, domin a can ne ake yanke wa wannan magana hukunci, kuma hukuncin ba kullum yake bin bayan mai tausayi ba. Gaskiya ne san da ya ji kiwo, tozonsa a tsaye, gashinsa yana sheƙi, shi ne ake rububinsa. Amma mai saye ido yake amfani da shi da tafin hannu, bai san yadda aka riƙe dabbar a gida ba, kuma ba ya tambaya. Akwai masu ba dabba kanwa ko gishiri da daddare don ta kwankwaɗi ruwa da safe ta cika ido, kuma sau da yawa suna sayarwa da daraja fiye da wanda ya yi kiwon gaskiya. Lalas da ake yi wa sa a cinya ko a haƙarƙari yana ɓata fata, masu jima a Challawa da Sharaɗa sun san haka, amma babu mai rage wa makiyayi ko naira ɗaya saboda shi, domin a tsaye ake sayen sa, ba a ware kuɗin fata daban, ballantana yanzu da mafi yawan fatar shanu ganda ake yi da ita.

Sai kuma lodi. Tirelar da za ta tashi daga nan zuwa Legas, tafiyar kilomita dubu ko fiye, ana ɗaure shanun ƙaho da ƙaho, a cusa su yadda babu mai iya juyawa, su yi kwana biyu a hanya, sau da yawa babu ci babu sha. Ɗan kasuwa ya san wani zai karye, wani ma sai an yanka shi a gefen titi, amma ya riga ya yi lissafi ya ga ƙarin kawunan da ya cusa sun fi ƙarfin asarar, tun da kuɗin mota da na shingayen hanya ɗaya ne ko shanun sun yi yawa ko sun yi kaɗan. A nan, Likita, wahalar da dabba ita ce take kawo riba. Haka ma mahaucin da ya yanka saniya mai ciki, shi bai yi asara ba, ƙasa ce ta yi. Don haka ina ganin kada mu yaudari kanmu da cewa tausayi da riba kullum hanyarsu ɗaya.

Malamin Islamiyya, Birnin Kudu:
Alhaji na Wudil ya kai mu inda ya kamata a tsaya a yi tunani. Tun farkon muhawarar nan na ga ana ta kafa hujja da riba, kamar dai idan aka tabbatar da cewa duka ba ya rage nono, to, duka ya halatta ke nan. Haƙƙin dabba a kan mai ita bai rataya a kan abin da take samar masa ba. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, kyanwa kuwa ba a tatsar ta, ba a huɗa da ita. An kuma gafarta wa wani mutum saboda kare da ya shayar. Abu Dawuda ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi mai shi ya tsoratar da shi da Allah saboda yana barin raƙumin da yunwa kuma yana gajiyar da shi da aiki, wanda shi ne ainihin abin da ɗan'uwanmu na Ringim ya buɗe magana da shi. An hana yin lalas a fuska, an yi umarni da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, idan ya kasa sai ya sayar, ko ya yanka in ta kasance abin ci.

Wannan na ƙarshe shi ne amsata ga ɗan'uwa na Gaya. Shari'a ba ta ɗora wa talaka abin da ba zai iya ba, amma ba ta ba shi izinin riƙe ran da ba zai iya ciyarwa ba. Jakin da yake ɗaukar mangalar taki da gyambo a gadon baya ƙarƙashin akumari, da tsohon san da ya gama yi wa mutum huɗa shekara da shekaru, su ne wuraren da ake gane wanda yake kyautatawa don Allah da wanda yake yi don kasuwa.

Manomi, Gaya:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa, babu mai ja da hadisi. Amma batun a sayar idan an kasa ciyarwa yana da wuyar aiki fiye da faɗi. Lokacin da mutum ya gane ya kasa, wato tsakiyar bazara, shi ne lokacin da kowa yake kai ramammun dabbobi kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Idan ya sayar da sa ɗaya a cikin biyun, karkiya ba ta aiki da ɗaya, ya koma neman haya a bayan layi, huɗarsa ta makara. Shi ya sa yake daurewa yana cewa saura kaɗan ciyawa ta fito. Ba mugunta ba ce, tsaka mai wuya ce.

Dattijo Makiyayi, Auyo:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Ɗana na Gaya, maganin abin da ka faɗa shi ne a sayar da kaka, lokacin da dabba take da nama, a rage baki tun kafin rani ya shigo. Mu makiyaya mun san wannan sarai, amma zuciya ba ta yarda, domin a wurinmu yawan kawuna shi ne mutunci, kuma akwai dalilin da ya sa muka zama haka. Wanda ya ga annobar shanu ta bushiya a 1983, lokacin da garke guda yake ƙarewa a 'yan kwanaki, ya koyi cewa mai shanu da yawa shi ne yake tsira da iri. An ce tun 2011 an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, amma tsoron bai fita daga zukatanmu ba, ga shi kuma ciwon huhu da boru da sammore suna nan.

Haka ma gudun allurar rigakafi da ake zargin mu da shi yana da tushe. A zamanin jangali duk wanda ya zo ƙirga shanu haraji ya kawo shi, saboda haka iyayenmu suka saba ɓoye garke. Marigayi Abubakar Rimi ya soke jangali a tsohuwar Jihar Kano a 1979, lokacin Jigawa tana ciki, amma har yau idan baƙo ya tambayi Bafulatani yawan shanunsa ba zai ji gaskiya ba. Ba kuwa don mun jahilci rigakafi ba ne, domin tun kafin allurar Bature kakanninmu suna yankar ɗan huhun saniyar da ciwon huhu ya kashe su cusa shi ƙarƙashin fatar karan hancin lafiyayyu.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne wurin kiwo. A nan fadamar Haɗeja da can shanu suna cin ciyawa har ƙarshen rani, yanzu shinkafa da alkama sun cinye gefe ɗaya, ciyawar kacalla ta toshe ɗaya gefen, burtali ya zama gona. Abin da ya rage shi ne bakin ruwan da ba ya gudu, inda katantanwa take, nan kuwa shanu suke ɗaukar ciwon hanta, ka ga haɓar saniya ta kumbura tana ramewa. Gawo ma, wanda 'ya'yansa suke riƙe mana dabbobi a bazara, ana ta sare shi. Makiyayi yana iya kwana da yunwa don saniyarsa, amma ƙauna ba ta fitar da ciyawa.

Ɗalibin Aikin Gona, Ɗambatta:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in ɗan yi gyara ga masu cewa wannan magana ta Turawa ce. Gaskiya ne a Birtaniya aka tsara ta a rubuce, bayan rahoton kwamitin Brambell na 1965, inda daga baya aka fitar da sharuɗɗa biyar: kada dabba ta zauna da yunwa da ƙishirwa, ko takura, ko ciwo, ko tsoro, kuma a bar ta ta yi ɗabi'arta. Amma abin da ya tayar da su shi ne cunkusa kaji da maruƙa a keji a manyan gidajen gona, inda dabba take ƙoshi amma ba ta motsi. Tamu matsalar akasin haka ce, dabbobinmu suna yawo amma ba sa ƙoshi, sai fa ragon layya da ake ɗaurewa wuri ɗaya a yi ta ɗura masa dusa.

Akwai kuma abin da ba a ambata ba, wato ƙwaya. Ana jin labarin masu ba shanun aiki taramol don kada su ji gajiya. A arewacin Kamaru abin ya kai har masu bincike suka tarar da taramol a saiwar tafashiya, aka fara zaton itacen ne yake samar da shi, sai wani bincike na 2014 ya danganta shi da fitsari da kashin shanun da ake ba ƙwayar. Likita, me wannan yake yi wa sa?

Malamin Dabbobi, Gumel:
Ƙanena, gajiya da zafin ciwo su ne suke sa dabba ta tsaya kafin ta halaka. Idan ka kashe su da ƙwaya, sa zai ci gaba da ja da miki a wuya ko targaɗe a ƙafa har abin ya wuce gyara, kuma ƙarshensa wuƙar mahauci, naman ya shiga cikin mutane. Irin wannan ce matsalar allurar da ake saye a kasuwar ƙauye, wadda ta sha rana a kan tabarma, a yi wa kowace cuta ita ba tare da auna nauyin dabba ba, sannan a tatsi nonon a ranar a kai tallan fura, alhali kowane irin wannan magani yana da kwanakin da ake jira kafin a sha nono ko a ci nama.

Na yarda da Alhaji na Wudil cewa a kan tirela lissafina ba ya aiki, domin mai wahalar da dabbar ba shi ne zai zauna da ita ba. Wannan sai doka da sa idon shugabannin kara, kuma yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, yana cikin abin da ya kamata ƙungiyoyinku su matsa a kai. Amma ko a can ba a tsira gaba ɗaya ba, domin san da ya galabaita kafin yanka namansa yana yin duhu, ba ya jimawa yake lalacewa, kuma wuraren da ya bugu sai an yanke an zubar. A gona da cikin gida kuwa, inda mai dabba shi ne zai zauna da ita shekaru, ban taɓa ganin inda wahalarwa ta fi kyautatawa amfani ba.

Mai Garma, Ringim:
Maganar Likita ta tuna mini da wani abu. Ko a gona, sau da yawa ba mai shanun ne yake riƙe da garma ba, yara ne ake ɗauka, kuma ana biyansu gwargwadon gonakin da suka huɗe, don haka babu abin da ya dame su da wuyan sa, su dai a gama a wuce gona ta gaba. Ke nan halinsu ɗaya da mai lodin tirela. Ina tunanin a wannan damina in mayar da biyan yarana na yini, in kuma gaya wa masu haya tun yanzu cewa shanuna suna sauka daga karkiya da hantsi ya yi zafi. Na san wasu za su koma wajen wanda yake yi har azahar. Idan akwai masu shanun haya a wannan zaure daga Ringim da Taura, zai yi kyau mu zauna mu daidaita lokaci ɗaya, domin mutum ɗaya ba zai iya ba.

Manomi, Gaya:
Malam, yaron da aka biya kuɗin yini zai yi maka kunya goma ya zauna a gindin bishiya. Sai dai in kai ma kana gonar tare da shi. Ka gwada, mu ji yadda za ta kaya bayan huɗa.

Uwar Gida, Kazaure:
Likita, kafin a watse, matan unguwarmu suna tambaya game da ciwon nan na majina da zawo da yake kwashe awaki da hunturu, da kuma farin kashin kaji. Yaushe ya dace a yi rigakafinsu, kuma ana yi wa mai ciki?

Malamin Dabbobi, Gumel:
Hajiya, dukkansu biyun ba su da magani idan sun kama, sai dai rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana yin allurarsu. Ta awaki da tumaki ana yin ta daga wata uku zuwa huɗu da haihuwa, allura ɗaya tana kare dabba kamar shekara uku, ana kuma yi wa mai ciki idan an kama ta a hankali ba a kayar da ita ba. Ya fi kyau a yi da kaka, kafin sanyi ya shigo. Ta kaji akwai wadda ake ɗigawa a ido, ana maimaita ta duk bayan wata uku ko huɗu. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta kwana, saboda haka ku haɗa gidaje ku tara dabbobin rana ɗaya, sannan a je sashen noma na ƙaramar hukuma a nemi ma'aikaci. Akuyar da aka sayo daga kasuwa kuma a ɗaure ta daban na mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida, domin yawanci ta nan ciwon yake shigowa.